Yadda Ake Gane Tataccen Man Ƙamshi na Gaskiya Kafin a Biya Kuɗi

Da yawa daga cikin ƙananan kwalaben da ake tallatawa a shagunan turare da a Instagram da WhatsApp da sunan man labanda (furen da ake kira "lavender" da Turanci), man na'a-na'a ko man wardi, ba daga jikin tsiro suka fito ba. Turare ne da aka haɗa a masana'anta, aka narka shi a wani ruwa marar ƙamshi, aka manna wa kwalbar hoton fure. Turare ba laifi ba ne, yana da wurinsa a jikin tufafi da cikin humra. Inda cutar take shi ne mai neman man da zai shaƙa lokacin mura, ko na tausa, ko na samun natsuwa kafin barci, ya biya kuɗin tataccen mai a miƙa masa turare, ya je ya shafa a fatarsa ko ya cika ɗakin yaransa da shi.

Hanci shi kaɗai ba ya raba wannan gardama, domin masu haɗa turare sun san aikinsu. Abin da ke raba ta shi ne sanin yadda ake samo man, da iya karanta takardar da ke jikin kwalba, da yin ɗan lissafi a kan farashi.

Mai iri uku ne ake cakuɗawa

Na farko shi ne tataccen man ƙamshi, wanda ake rubuta wa "essential oil" a jikin kwalba. Akan cika babbar tukunyar ƙarfe da ganye, fure, itace, saiwa ko ƙaro, a tura tururi ta ƙasa. Tururin ya kwashi ƙamshin, ya bi ta bututun da ruwan sanyi ke kewaye da shi, ya koma ruwa, sai man ya rabu a kwashe shi. Ruwan da ya saura shi ne irin su ruwan wardi. Dangin lemo kuwa ɓawonsu ake karcewa a matse, ba tare da wuta ba. Furanni masu laushi kamar yasmin ba sa jure tururi, don haka sai a jiƙa su a wani sinadari ya janye ƙamshin, sannan a kore sinadarin. Irin wannan "absolute" ake rubuta masa, kuma mai gaskiya ba ya ɓoye hakan. Duk da sunan mai da ake kiran su da shi, ba su da maiƙo. Idan aka bar murfi a buɗe, tashi suke yi su bi iska.

Na biyu shi ne man da ake matsowa daga 'ya'yan itace da ƙwaya: man riɗi, man zaitun, man kwakwa, man kaɗanya, man darbejiya, man habbatus sauda. Waɗannan suna da maiƙo, ba sa tashi, kuma su ne ake sirka na farkon da su kafin a shafa. Duk wanda ya ce man habbatus saudan da ya matso da inji tataccen man ƙamshi ne, bai san abin da yake sayarwa ba.

Na uku turaren haɗi ne. A jikin kwalbarsa za a ga "fragrance oil", "perfume oil", "aroma oil" ko "nature identical". Mafi yawan man turaren da ke shigowa daga Dubai, da wanda alhazai ke tsaraba da shi daga Makka da Madina, a wannan layin yake, komai daɗin ƙamshinsa.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane shago tun kafin a taɓa kwalba. Ba a tace man ƙamshi daga mangwaro, ayaba, kankana, tuffa, sitiroberi ko kwakwa. Almiski na asali daga dabba yake fitowa, ba daga tsiro ba. Idan aka ga waɗannan sunaye a jere tare da labanda da na'a-na'a, kwalba iri ɗaya, rubutu iri ɗaya, to duka jerin turare ne.

Abin da ya kamata a gani a jikin kwalba

Abu mafi muhimmanci shi ne sunan tsiron na Latin, mai kalma biyu. Sunan kasuwa ɗaya yakan rufe tsirrai da yawa masu aiki daban da farashi daban, kuma a nan ne mafi yawan algus ke ɓuya.

A ɗauki labanda. Wadda ake nema don natsuwa da barci ita ce Lavandula angustifolia, kuma Bulgeriya da Faransa ne manyan masu noma ta. Akwai 'yar'uwarta da aka samu daga aurenta da wani jinsin labanda, Lavandula x intermedia, wadda ake kira labandin. Ta fi ba da mai nesa ba kusa ba, don haka ta fi araha, amma tana ɗauke da kafur mai yawa: a nau'in da aka fi nomawa yakan kai kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari, alhali a labandar asali ba ya kai kashi 1. Labandin ba jabu ba ce, tana da kyau a sabulu da wanki, sai dai ƙamshinta mai kaifi ne, yana farkarwa maimakon ya kwantar. Idan kuma aka ga an rubuta "40/42" kusa da sunan labanda, wannan gaurayen mai ne da aka daidaita wa sinadarai don masu yin sabulu su riƙa samun ƙamshi iri ɗaya kullum.

Haka itacen turare yake. Man da aka sani da buɗe hanci daga Eucalyptus globulus yake, sinadarin cineole ya fi kashi 70 cikin ɗari a cikinsa. Eucalyptus radiata ya fi shi sauƙi a hanci. Wanda ake rubuta wa citriodora kuwa ƙamshin lemo gare shi, aikinsa ya fi karkata ga korar sauro. Wanda aka fi dasawa a arewacin Najeriya don kare hamada, wato camaldulensis, shi ma jinsi ne daban. Kwalbar da aka rubuta wa "eucalyptus" kawai ba ta faɗi komai ba.

Na'a-na'a ta gaskiya ita ce Mentha x piperita, kuma sau da yawa ana sirka ta da Mentha arvensis mai araha, ko a sayar da ita ɗungurungum da sunan ta farkon.

Bayan suna sai sashen tsiron da aka tace. Kanumfari yana da man ƙwaya, da na ganye, da na kara. Na ƙwaya ya fi daɗi da tsada, na ganye ya fi kaushi da araha. Girfa ma haka: man ɓawo daban, man ganye daban, sinadaransu ba ɗaya ba ne, sannan girfar Siri Lanka, Cinnamomum verum, ba ita ce ta Sin ba, Cinnamomum cassia. Sai ƙasar da aka noma shi, da hanyar da aka tace shi, da yawan mililita, da lambar rukuni, da ranar tacewa ko ranar da ya kamata a gama amfani da shi, da sunan kamfani da adireshin da za a iya bibiya. Lambar rukuni ita ce igiyar da ke haɗa kwalbar da ke hannu da gangar da ta fito. Idan babu ita, babu yadda za a yi a tabbatar da komai daga baya.

Akwai kalaman da bai kamata su ja hankalin mai saye ba. "Therapeutic grade", "clinical grade", "grade A" duk kirari ne da kamfanoni ke yi wa kansu. Babu wata hukumar gwamnati a duniya da ke raba man ƙamshi zuwa waɗannan darajoji. Rubuta "100% pure" ba ya cin ko kwabo a wurin buga takarda. Lambar NAFDAC tana da amfani, tana nuna cewa an yi wa kayan rajista kuma akwai wanda za a kama idan wani abu ya faru, amma ba ita ce shaidar cewa man da ke cikin wannan kwalbar bai sha gauraye ba. Duk mai sayarwar da ya ce mansa na warkar da ciwon suga, kansa ko sikila, ko ya ce a riƙa ɗigawa a ruwa ana sha, a bar masa kayansa.

Man da aka riga aka sirka ba ha'inci ba ne muddin an rubuta. Wardi, yasmin da sandal sukan zo a cikin wani man sirki da ake kira jojoba, kashi 3 ko 5 cikin ɗari, don mai ƙaramin ƙarfi ya iya saye. Irin wannan ya dace da shafawa, amma ba a zuba shi a na'urar fesa ƙamshi, domin maiƙon yana toshe ta.

Farashi ba ya iya zama ɗaya

Tsirrai ba sa ba da mai daidai da juna. Busasshen kanumfari kilo 6 ko 7 yana ba da kilo 1 na mai. Labanda sai an tara kimanin kilo 100 na fure. Wardi kuwa, irin wanda ake nomawa a kwarin Kazanlak na Bulgeriya da Isparta ta Turkiyya, sai an tsinko kilo 3,000 zuwa 4,000 na fure kafin a samu kilo 1, kuma da hannu ake tsinka, da sassafe kafin rana ta yi zafi, cikin 'yan makonni na watan Mayu da Yuni. Ke nan kwalba mai mililita 5 ta cinye kusan kilo 15 na fure. Lemon zaƙi kuma ɓawon da masana'antun ruwan lemo suka rage ake matsewa, shi ya sa yake cikin mafi araha.

Saboda haka, a shagon da ke sayar da na gaskiya, lemon zaƙi, itacen turare da ciyawar shayi mai ƙamshin lemo suna ƙasa. Labanda, na'a-na'a, citta da "tea tree" (wani itacen Ostareliya da ake tace ganyensa) suna tsakiya. Luban yana sama da su. Wardi, yasmin, sandal da oud kuwa farashinsu ya ninka na lemo sau gommai, kuma da wuya a gan su a kwalbar da ta wuce mililita 5. Idan aka ga wardi da lemo kuɗi ɗaya, ko saitin kwalba goma sha biyu a kwali mai kyau da kuɗin da bai kai na kwalbar luban ɗaya ba, an gama magana.

Tsada kuma ba shaida ba ce. Kamfanonin da ke sayarwa ta hanyar sa mutum ya kawo mutum, kowa na cin kaso a sama, farashinsu yakan yi sama saboda rabon da ake yi a hanya, ba don mansu ya fi na kowa ba.

Sandal na buƙatar kulawa ta musamman domin mun saba da sunansa a turaren wuta. Na asali Santalum album ne, na Indiya, wanda yanzu ake nomawa a Ostareliya ma. Man yana cikin zuciyar itacen, kuma itacen ba ya yin zuciyar kirki sai ya haura shekara 15. Akwai Santalum spicatum na Ostareliya, sandal ne amma bai kai na farkon ba. Akwai kuma Amyris balsamifera da ke fitowa daga Haiti, wanda ake yi wa laƙabi da sandal ɗin Yammacin Indiya, alhali ko dangi ba su haɗa ba. Sandal mai araha a kwalba babba, ko dai wannan ne, ko haɗin masana'anta.

Takardar gwaji

Babbar hanyar da ke nuna abin da ke cikin kwalba dalla-dalla ita ce gwajin da ake kira GC-MS. Na'urar tana rarraba man zuwa sinadaran da ke cikinsa, ta faɗi sunan kowanne da yawansa. Kamfanoni masu mutunci suna sa wannan takarda a shafinsu na intanet, ko su turo ta idan aka nema. A nema, ba rashin kunya ba ne.

Ba sai an karanta kimiyya ba kafin a amfana da ita. Da farko a duba ko lambar rukunin da ke kan takardar ita ce a jikin kwalbar. Takarda ɗaya da ake yawo da ita shekara da shekaru ga kowace kwalba ba ta da amfani. A duba sunan ɗakin gwajin da ranar da aka yi shi. Sannan a duba manyan sinadarai biyu ko uku. Man "tea tree", wato Melaleuca alternifolia, yana da ma'aunin duniya mai lamba ISO 4730, wanda ya ce terpinen-4-ol ya kasance tsakanin kashi 35 da 48 cikin ɗari, cineole kuma kada ya wuce kashi 10. A labanda, linalool da linalyl acetate ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin, kafur kuma ɗan kaɗan. A na'a-na'a, menthol yana tsakanin kashi 30 da 55, kuma ana son a ga ɗan menthofuran, domin na'a-na'ar asali tana da shi, mai arahar kuwa kusan babu. A ƙwayar kanumfari eugenol ne ke kan gaba da tazara mai yawa. A sandal na Indiya, alpha-santalol yana tsakanin kashi 41 da 55.

Man tsiro yana da ƙananan sinadarai gommai a ƙasan manyan. Takardar da ta nuna sinadari huɗu ko biyar kacal sun cike ɗari bisa ɗari a man labanda, alama ce ta haɗi.

Luban ya cancanci a tsaya a kansa, domin muna da namu. Hano, wanda wasu ke kira ararraɓi, shi ne Boswellia dalzielii, kuma ana tace mai daga ƙaronsa ana fitarwa waje. Alpha-pinene ne ya fi yawa a cikinsa, ƙamshinsa mai haske ne. Luban na Somaliya da Oman, Boswellia carterii da Boswellia sacra, yana kusa da shi. Na Sudan da Habasha, Boswellia papyrifera, octyl acetate ne ke rinjaye a cikinsa, ƙamshinsa ya sha bamban. Duk luban ne, amma mai saye yana da haƙƙin sanin wanne aka ba shi. Abu ɗaya kuma: sinadaran boswellic acid da ake yawan ambata a tallan luban suna da nauyi, ba sa bin tururi, a cikin ƙaron suke zama. Wanda ya ce suna cikin tataccen man, bai faɗi daidai ba. Cittar kudancin Kaduna, ta yankin Kachia da Jaba, ita ma an san ta da ƙarfin ƙamshi. Idan aka samu mai tacewa na gida da ke rubuta sunan tsiro, ranar tacewa da lambar rukuni, kuma yana kai mansa gwaji, ya cancanci a saya a wurinsa. Ma'aunin dai ɗaya ne da na kayan waje.

Gwajin da za a iya yi a shago ko a gida

A ɗiga ɗigo ɗaya a farar takarda, a ajiye a inuwa. Mai marar nauyi irin na itacen turare, na'a-na'a ko labanda zai tashi cikin 'yan awoyi, zuwa washegari ba za a ga komai ba. Idan ya bar da'irar maiƙo wadda haske ke ratsawa, an sirka shi da man girki ko makamancinsa. Amma a san iyakar gwajin. Sandal, jema da facoli (ganyen da ake kira "patchouli") suna da nauyi, sukan daɗe suna barin alama ko da na gaskiya ne. Man ɓawon lemo yakan bar ɗan launi. Sannan gwajin ba ya kama sifirit ko sinadaran masana'anta, domin su ma tashi suke yi.

Na biyu, a ɗiga ɗigo biyu a kofin gilashi mai ruwa. Tataccen mai ba ya narkewa a ruwa. Yawanci yakan yi iyo a sama, amma kanumfari, girfa da man wani ganye da ake kira "wintergreen" sun fi ruwa nauyi, nutsewa suke yi. Idan ruwan ya yi fari kamar an ɗiga madara, ko man ya ɓace a ciki, an haɗa shi da abin da ke narkar da mai.

Man wardin da aka tace da tururi yana da wata alama tasa: idan ya sha sanyi, kamar a firji ko a tsakiyar hunturu, yakan daskare ya yi ƙanƙara-ƙanƙara, ɗumin hannu kuma ya narkar da shi. Wannan alamar kirki ce, kada a ce ya lalace.

Wajen shinshina, kada a kafa hanci a bakin kwalba. A ɗiga a siririyar takarda, a riƙe ta ɗan nesa, a shinshina nan take, a sake bayan minti 10, a sake bayan awa 1. Man tsiro yana sauyawa, domin sinadarai marasa nauyi ke fara tashi su bar masu nauyi, kuma sau da yawa akwai ɗan warin ganye ko ƙasa a ƙarƙashinsa. Haɗin masana'anta yakan tsaya a murya ɗaya, ya yi zaƙi fiye da kima, ko ya soki hanci da warin sifirit a farko. Kada a gwada fiye da huɗu ko biyar a zama ɗaya, hanci yana gajiya. Idan kwalbar bana ta ɗan bambanta da ta bara daga kamfani ɗaya, wannan ba abin tsoro ba ne, damina ba ta zama ɗaya.

Kwalba, shago da zafin ƙasarmu

Kwalbar ta kasance ta gilashi mai duhu, ruwan ƙasa ko shuɗi, da murfin da ke nuna ba a taɓa buɗewa ba, da ɗan toshin roba mai ƙaramin rami a baki wanda ke fitar da ɗigo ɗaya-ɗaya. Tataccen mai yana cin roba mai laushi, don haka kwalbar roba, ko murfi mai bututun tsotsa da kan roba a zaune cikin man, ba su dace ba. A hankali robar ke narkewa ta shiga ciki.

Iska, haske da zafi su ne ke kashe mai, kuma a Kano, Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mai na gaskiya da ya yi wata shida a tagar shago rana na dukansa ya zama wani abu daban. Iska tana sauya sinadaran da ke cikin man lemo, "tea tree", luban da labanda su koma masu tayar da ƙaiƙayi da ƙuraje, kuma fatar da ta kamu da wannan ƙin jinin takan daɗe tana yi. Don haka a dubi inda mai shago ke ajiye kayansa kafin a dubi kayan. Idan daga babbar kwalba yake ɗurawa a ƙanana, wanda ba laifi ba ne, a tambaye shi sunan kamfanin da ya saya, da lambar rukuni, da lokacin da ya fara buɗe babbar. Wanda ke saye ta waya ya nemi hoton ainihin kwalbar da za a aiko masa, gaba da baya, ba hoton talla ba.

A sayi kaɗan. Mililita 1 kimanin ɗigo 20 ne zuwa 30, gwargwadon kaurin man da girman rami, ke nan kwalba mai mililita 10 tana da ɗigo 200 ko fiye. Na'urar fesa ƙamshi ɗigo 3 zuwa 5 take buƙata a ruwa mililita 100, a kunna ta minti 30 zuwa 60 a kashe. Kwalba ɗaya tana kai gida watanni. Sayen mililita 100 don an ga rangwame asara ce, rabinsa zai tsufa kafin a kai gare shi. Mai farawa ya wadatu da uku ko huɗu: labanda, lemon zaƙi, itacen turare, wataƙila da "tea tree". Kada kuma a ɗiga shi a garwashin kasko kamar turaren wuta. Ƙonewa yake yi ya zama hayaƙi, kuma yana kama wuta. Wanda ba shi da na'ura ya ɗiga biyu a kwanon ruwan zafi ko a hankici.

Wanda ke gidan shi ke faɗin abin da za a saya

Tataccen mai yana da ƙarfi, kuma na gaskiya ya fi buƙatar a yi hattara da shi. Ba a shafa shi zalla. Ɗigo 1 a cokalin shayi na man riɗi, kwakwa ko zaitun, wato mililita 5, shi ne kimanin kashi 1 cikin ɗari, wanda ya dace da fuska, tsofaffi da masu fata mai saurin kamuwa. Ɗigo 2 a cokali ɗaya shi ne na tausar jikin babba. Wasu ko wannan ya yi musu yawa: kanumfari kada ya wuce rabin kashi 1, wato ɗigo 1 a cokali biyu, ciyawar shayi ma kusan haka, man ɓawon girfa kuwa gara a bar shi ga shaƙa kawai, domin yana ƙona fata. Don haka a sayi man sirki rana ɗaya da man ƙamshin.

Man "bergamot", wani ɗan dangin lemo, da na lemon tsami da aka matso daga ɓawo suna sa rana ta ƙona fata, ta bar baƙin tabo mai daɗewa. Wanda ya shafa kada ya bari rana ta taɓa wurin sai bayan awa 12. A ƙasa mai rana irin tamu, gara a nemi lemon tsamin da aka tace da tururi, ko "bergamot" da aka rubuta wa FCF, wanda aka cire masa sinadarin da ke jawo hakan. Lemon zaƙi ba shi da wannan matsala.

Gidan da ke da jariri ya nisanci na'a-na'a, kafur da itacen turare. Yara da yawa a yankinmu, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadarin jini da ake kira G6PD, kuma likitocin yara sun daɗe suna gargaɗi cewa kayan menthol da kafur na iya jawo wa irin waɗannan jarirai shawara mai tsanani. Ko ba wannan, ba a kai waɗannan mayuka kusa da hancin ƙaramin yaro, domin suna iya dagula masa numfashi. "Wintergreen" kuwa kusan dukansa sinadari ne ɗan'uwan asfirin, cokalin shayi ɗaya ya kai ƙarfin ƙwayar asfirin ta manya kusan 20, kuma yana iya kashe yaro. Gidan da ke da yara kada ya saye shi. Mai juna biyu, mai asma, mai farfaɗiya da mai shan maganin tsinka jini su tambayi likita kafin su saya. Idan yaro ya haɗiyi kowane irin tataccen mai, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, a tafi asibiti nan take tare da kwalbar.

Ranar da aka buɗe kwalba a rubuta kwanan wata a jikinta. Man dangin lemo a ba shi shekara 1, "tea tree", luban da labanda shekara 1 zuwa 2, yawancin sauran shekara 2 zuwa 3. Sandal, jema da facoli suna kai shekaru da yawa ba su lalace ba. A ajiye su a firji cikin mazubi mai murfi don kada ƙamshin ya kama abinci, a fito da su ɗan lokaci kafin amfani. Inda wuta ba ta tsayawa, a sa su a gwangwani mai murfi a ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi, inda hannun yaro ba ya kaiwa, kuma kada a bar su a mota. A rufe murfi da zarar an ɗiga. Idan kwalba ta yi rabi kuma za a daɗe ba a gama ba, a juye sauran a ƙarama don rage iskar da ke samansa. Man da ya yi kauri, ya yi gurɓi-gurɓi, ko ƙamshinsa ya koma tsami, kada ya sake taɓa fata kuma kada a shaƙe shi. A ɗiga shi a ruwan goge daɓe tare da sabulu har ya ƙare.